Neman shawara kan goge fenti da jelkot daga jikin kwale-kwalen faiba

Ɗan Bakin Tafki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina zaune a Maraɗi, amma gidanmu na asali yana Madarunfa, inda ƙannena biyu suke sana'ar su a tafki. Shekara uku da suka wuce na sayo musu wani tsohon kwale-kwalen faiba, wato irin wanda ake ƙerawa da zaren gilashi da roba, mai tsawon mita 6, wanda aka ɗauko a mota daga Legas, aka biyo da shi ta Kano da Katsina har ya shigo ta Ɗan Isa, domin na gaji da toshe ɓarakar jirgin katako a kowace shekara. Jirgin ya yi mana aiki ba laifi, sai dai da muka fito da shi bana bayan ɗaukewar damina, muka kifa shi a kan tsofaffin tayoyi, abin da na gani a ƙasansa bai yi mini daɗi ba.

Na ƙirga hawa uku na launi. A sama akwai shuɗin fentin mai da mu da kanmu muka shafa, kuma yanzu yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. A ƙarƙashinsa akwai wani ja mai duhu da muka tarar da shi tun asali, wanda idan mutum ya shafa hannu a kai sai ya bar masa gari a tafi. A can ƙasa kuma akwai wani fari mai tauri da santsi, wanda aka gaya mini ba fenti ba ne, fatar jirgin ce da ake kira jelkot. Bayan haka akwai bororo kamar talatin a wajen gindin jirgin, kowanne bai wuce ƙwayar gujiya ba, kuma da na huda ɗaya da ƙusa sai wani ruwa mai launin shayi ya fito da wari mai tsami.

Ga kuskuren da na tafka. Na kira wani yaro da ke koyon walda, ya zo da injin nan na hannu da ake yanka ƙarfe da shi, wato giranda, ya ɗaura masa faifan sanfefa mai kaushi. Cikin abin da bai kai minti 15 ba ya cinye shuɗin da jan, ya huce farin a wuri mai faɗin tafin hannu biyu, har zaren gilashin ya fito fili, wurin kuma ya yi kwari. Na tsayar da shi nan take, kuma a daren ba wanda ya rintsa a cikinmu saboda ƙaiƙayi.

Abin da nake son sani shi ne ko ya kamata in goge komai har zuwa zaren in sake sabon aiki, ko kuwa in tsaya a kan farin. Ina kuma neman a gaya mini injin da ya dace da lambar sanfefar da zan saya, da ko ruwan nan na gwangwani da ake narkar da fenti da shi zai rage mini wahala. Burina jirgin ya koma ruwa cikin mako biyu, domin yanzu ne tafkin yake cike. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mai Fentin Mota

Wa alaikumus salam, ƙanena. Da farko ka gode wa Allah da ka tsayar da yaron a tafin hannu biyu, domin da ka shiga gida cin abinci ka bar shi da jirgin, da yanzu wata maganar muke yi. Kada ka ga laifinsa sosai, an koya masa ƙarfe ne, shi kuwa ƙarfe yana yafe wa mai nauyin hannu. Giranda tana juyi wajen sau 11,000 a minti ɗaya, kuma da bakin faifai take cin abu, saboda haka duk inda ta tsaya na ƙiftawar ido sai ta haƙa rami. Ban da haka tana ɗumama wurin, roban ya yi laushi ya cushe sanfefar, sai mai aikin ya ƙara dannawa, ɓarnar ta ƙaru.

Ni ba masanin jirgi ba ne, amma na yi shekara fiye da 30 ina fentin mota a Sabon Gari, kuma faiba ta sha ratsa hannuna a jikin manyan motoci da tankunan ruwa. Kafin sanfefa ta taɓa jirgin, ka wanke shi tas da ruwa da sabulun gari, ka bar shi ya bushe, sannan ka goge wuraren da man inji ya zuba da tsumma mai asiton, wato ruwan sinadarin nan da ke narkar da maiƙo. Mutane da yawa suna tsallake wannan matakin suna cewa ai gogewa za ta kwashe datti, alhali sanfefa tura maiƙon take yi cikin ƙarzar da ta bari, daga baya sabon fenti ya ƙi kamawa, a rasa dalili.

Shuɗin da yake ɓarewa da kansa ba ya buƙatar inji. Ka sami abin kankara mai faɗi, ka kashe masa kusurwoyinsa biyu da zarto don kada su yanki farin, ka kwantar da shi sosai kana turawa, za ka ga fiye da rabinsa ya zubo. Abin da ya rage sai ka nemi injin goge mai faifai da ke juyawa yana karkarwa a lokaci guda, irin wanda muke amfani da shi a gareji da wanda kafintocin zamani ke da shi, ka sa masa sanfefa mai lamba 80. Ka sani cewa gwargwadon ƙanƙantar lamba gwargwadon kaushin sanfefa, saboda haka 40 ta fi 80 ci nesa ba kusa ba, kuma ban ba ka shawarar ka kusanci 40 ba. Ka kwantar da faifan gaba ɗaya a jikin jirgin, kada ka ɗaga gefe, kada ka danna, ka bar nauyin injin ya yi aikinsa, kuma hannunka ya riƙa tafiya ba tsayawa. Idan sanfefa ta cushe ka canza ta, domin rowar sanfefa ita ce take jawo dannawa.

Launukan nan uku da ka ƙirga su ne jagoranka. Muddin garin da ke fita shuɗi ne ko ja, kana cikin fenti. Da zarar farin ya fara leƙowa kamar gajimare ta cikin jan, ka matsa gaba, kada ka nace sai wurin ya yi fari ƙal da inji. Ragowar ka bi ta da hannu da lamba 120 a naɗe a jikin katako mai laushin fuska. Kusurwoyi da ƙashin bayan jirgin da duk inda ya yi tudu kada inji ya taɓa su ko kaɗan, domin a nan ne fata take saurin ƙarewa.

Ruwan gwangwanin da ka tambaya kuwa, ka rabu da shi. Wanda muke samu a shagunan kayan fenti an yi shi ne don ƙarfe, kuma da yawansa yana ɗauke da sinadari mai ƙarfin da ba ya bambance fenti da roba, sai ya narkar da fentin ya wuce ya tausasa farin. Haka nan kada wani ya ce maka a gasa fentin da wutar gas, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Shi kuma kwarin da yaron ya yi, ka cike shi da mastik ɗin da muke cike lotsewar mota, ka goge shi ya daidaita, ka bi da fenti.

Mai Faiba Daga Kwatano

Salamu alaikum. Baba Mai Fenti ya yi bayanin da ba ni da abin ƙarawa a kai game da riƙon inji da lambar sanfefa, kuma ina roƙon ya yi mini afuwa in saɓa masa a magana ɗaya tak, wato maganar mastik. Na yi shekara 9 ina aiki a wani wurin ƙera jiragen faiba a Kwatano kafin in dawo gida Tibiri, kuma na ga abin da mastik ɗin mota ke yi a ƙarƙashin ruwa. An haɗa shi ne da roba da wani gari mai laushi da ke shan danshi, saboda haka a jikin mota, inda ruwa ke zuba ya bushe, yana daɗewa lafiya, amma a ƙasan jirgin da ke kwana a tafki sai ya jiƙe ya kumbura ya ɗago fentin, ya faɗo kamar yaɓe a damina.

Malam Ɗan Bakin Tafki, babbar tambayarka ita ce ko ka goge farin, kuma amsata ita ce kada ka goge shi sai inda ya mutu. Idan ka san yadda ake ƙera jirgin, za ka gane dalili. Ana fara shi ne daga waje zuwa ciki. Ana shafe mazubin da kakin da zai hana mannewa, a fesa jelkot a cikinsa, sannan a shimfiɗa zaren gilashi hawa-hawa ana jiƙa shi da roban poliyesta mai kama da narkakken ƙaro. Hawa na farko yawanci tsinkakken zare ne a cukurkuɗe, na bayansa kuma saƙaƙƙe ne kamar tabarma, shi ne yake ɗaukar nauyi. Kaurin jelkot ɗin duka bai wuce wajen rabin milimita ba, wato kamar farcen babban yatsanka, amma shi ne yake tsare zaren daga ruwa da rana, kuma santsinsa daga mazubi ya samo shi. Idan ka cire shi daga jirgi mai mita 6, ka ɗora wa kanka aikin makonni na cikewa da daidaitawa, kuma da wuya hannu ya mayar da kyan da mazubi ya bayar. Kowane zaren da ka bari a buɗe kuma lagwani ne, zai ja ruwa ya kai shi cikin jikin jirgin.

Bayan ka kwashe fentin, ka bi farin da ido da kunne. Ka ɗauki ƙwandala kana ƙwanƙwasa jikin jirgin taki-taki, yadda mata ke gwada tukunyar ƙasa a kasuwa. Inda ƙarar ta fito garau lafiya lau ne, inda kuwa ta fito a dakushe kamar an buga kwali, hawan zaren ya rabu da juna a ciki, sai ka zagaye wurin da alli. Idan farin ya dushe ne kawai yana barin gari a hannu, rana ce ta ci samansa, gogewa kaɗan ta ishe shi. Ƙananan tsage masu kama da saƙar gizo-gizo sai a buɗe su ɗaya bayan ɗaya da tsinin ƙarfe a cike. Wurin da za ka cire farin gaba ɗaya shi ne inda ya farfashe kamar lakar tafki a watan Afrilu yana ɓantarewa, ko inda bororo ya yi cincirindo har ba tazara a tsakaninsu.

Bororon nan shi ne ainihin ciwon jirginka, ba fentin ba. Roban poliyesta ba ya tare ruwa ɗari bisa ɗari, kaɗan-kaɗan ruwa yana ratsa jelkot ya tarar da ƙananan ramukan iska da ragowar sinadaran da ba su daskare ba tun ranar ƙira, ya narkar da su ya zama ruwan tsami mai kauri. Shi wannan ruwan sai ya riƙa jawo ƙarin ruwa daga waje, ba ya kuma iya fita, har ya tura fatar ta kumbura. Warin da ka ji mai kama da ruwan khal shaidar haka ne. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ruwan daɗi ya fi ruwan gishiri saurin haddasa wannan ciwo, ɗumin ruwa kuma yana ƙara masa gudu, ka ga ke nan tafki irin na Madarunfa ya haɗa duka biyun. Nan gaba kada ka huda bororo ba tare da tabarau ba, domin akwai wanda ke tsartuwa da ƙarfi, kuma ruwan yana ƙona ido.

Maganinsu shi ne ka buɗe kowanne ka rarake shi kamar ƙaramin faranti mai gangaren baki, har ka kai ga zare mai launin zuma wanda roba ya jiƙe shi sosai. Zaren da ya yi fari kamar auduga ya mutu, sai an cire shi. Daga nan ka riƙa wanke ramukan da ruwa mai tsabta, mai ɗumi idan da hali, kowane kwana biyu ko uku. Za ka yi mamakin a ce a jiƙa abin da ake son ya bushe, amma sinadarin da ke ciki ba ya tashi da iska, shi ne ma yake riƙe danshi, sai ruwa ya ɗauke shi sannan wurin zai bushe da gaske. Saboda haka maganar mako biyu ka cire ta daga ranka, ba a fafe gora ranar tafiya. Sa'arka ɗaya ita ce hunturu ya kawo kai, kuma busasshiyar iskar da muke samu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, masu aikin jirgi a bakin teku da kuɗi suke neman irinta ba su samu ba.

Jan fentin nan mai gari kuma ina kyautata zaton irin wanda ake shafa wa jiragen teku ne don hana gansakuka da ƙananan halittu mannewa, kuma da gangan aka yi shi ya riƙa zubar da guba a hankali. Yawancinsa da tagulla ake haɗa shi, na da can kuma har da wani sinadarin kuza mai suna TBT, wanda yarjejeniyar duniya da ta fara aiki a 2008 ta haramta saboda ɓarnar da yake yi wa halittun ruwa. Kada ka goge shi a bakin tafki.

Ma'aikaciyar Lafiya a Zariya ta Maraɗi

Assalamu alaikum, yayyena. Ba ni da ilimin jirgi, amma maganar ƙaiƙayin da Malam ya yi da ta jan fenti su ne suka sa na ga ya wajaba in sa baki. Ƙaiƙayin da ya hana ku barci ƙananan tsinkayen gilashi ne suka soki fata, kamar dai ƙaiƙayin gero ranar sussuka, sai dai wannan ya fi naci. Idan an tashi daga aiki a fara ɗauraye jiki da ruwan sanyi mai gudana ba tare da cuɗawa ba, daga baya a sa sabulu, domin susa da cuɗa ƙara cusa su suke yi. Kayan aikin kuma a tuɓe su a wurin aikin, a wanke su daban, kada su haɗu da na iyali a baho ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙurar da ake shaƙa, domin ita ba ta ƙaiƙayi balle ta yi wa mutum gargaɗi. Naɗa rawani a hanci ko takunkumin yadi ba ya tare ƙura mai laushi irin wannan. A nemi takunkumin da aka rubuta FFP2 ko FFP3 a jikinsa, a matse shi ya zauna a fuska, a sa tabarau mai rufe gefen ido da riga mai dogon hannu da safar hannu. Tunda ba ku san tarihin fentin da aka shafa wa jirgin kafin ya zo hannunku ba, ku ɗauka cewa yana iya ƙunsar dalma, domin an daɗe ana zuba ta a fentin mai, musamman ja da rawaya. Ba mu manta abin da ya faru a makwabtanmu Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba ina cewa jirgi ɗaya zai kai ga haka ba ne, amma hanyar ɗaya ce: ƙura ta sauka a tsakar gida, yaro ya yi rarrafe a kai, ya kai hannu baki.

Don haka kada a yi aikin a cikin gida ko kusa da inda ake girki, kuma a hana yara da mata masu juna biyu zuwa wurin. A shimfiɗa tamfol a ƙarƙashin jirgin, a yayyafa wa garin ruwa kafin a tattara shi maimakon a share shi da tsintsiya a bushe, a ɗaure shi a buhu, kada a ƙona shi, kada kuma a zubar da shi inda awaki ke kiwo ko inda ruwa zai kwashe shi zuwa gulbi. Jan fentin gara a goge shi da hannu da sanfefar ruwa ana jiƙawa, ko da zai ɗauki lokaci, amma a kiyaye kada a haɗa ruwa da injin lantarki. Asiton kuma yana kama wuta da ɗan tartsatsi, saboda haka masu shayi da masu taba su yi nesa.

Ɗan Bakin Tafki

Na gode ƙwarai, Baba Mai Fenti da Yaya Mai Faiba da Hajiya, Allah ya ƙara sani. Mun ɗauke jirgin daga ƙofar gida zuwa wani kango da ke bayan gari, muka yi masa rumfar zana. Mun yi kwana 6 muna aiki da abin kankara da sanfefar ruwa, injin da na aro kuma muna tayar da shi da ƙaramin janareta a wuraren da jan ya ƙare. Yanzu kusan kashi biyu cikin uku na ƙasan jirgin ya koma fari, kuma gaskiyar Yaya ce, farin lafiyarsa lau in ban da wajen gindi. Da na bi shi da ƙwandala, wuri ɗaya ne kawai mai faɗin faranti ya yi ƙarar kwali, kusa da inda ake ɗaura inji. Bororon da na buɗe sun kai 41, domin akwai waɗanda fenti ya ɓoye.

Sauran tambayata biyu ne. Ta yaya zan tabbatar cewa jirgin ya bushe, tunda a ido ko yanzu a bushe yake? Sannan da me zan cike ramukan da kwarin da giranda ta yi, tunda mastik ya fita daga lissafi? Wani mai shago ya ce zai iya sa a kawo mini roban poliyesta ko wani roban da ake kira efoksi daga Kano, amma efoksin ya fi tsada sosai.

Tsohon Mai Fentin Mota

Na karɓi gyaran mastik da hannu biyu, domin ni motocina ba sa kwana a tafki. Abu ɗaya zan ƙara, duk abin da za ka shafa daga baya, ka bar farin da ƙarzar lamba 80 a wuraren da roba zai hau, kada ka goge shi ya yi santsi kana ganin ka kyautata, domin a cikin ƙarzar nan yake samun abin kamawa.

Mai Faiba Daga Kwatano

Malam, gwajin bushewa ba ya buƙatar na'ura. Ka yanko farar leda mai haske kamar faɗin littafi, ka manna ta a kan wurin da ramukan suke da salatif, ka rufe bakinta huɗu ruf, ka bar ta ta kwana. Idan da safe ka ga raɓa a cikinta, ko ramukan sun yi duhu suna danƙo a yatsa, da saura, sai ka ci gaba da wanki da jira. Ka maimaita a wurare uku ko huɗu, kuma kada ka yarda sai ledar ta fito a bushe sau biyu a jere da tazarar ƴan kwanaki. Yana iya ɗaukar makonni da yawa. Ka bar shi a inuwar rumfar inda iska ke ratsawa, ka kuma duba tayoyin da ka kifa shi a kai, kada nauyinsa ya taru wuri ɗaya ya lotsa gefen.

A kan zaɓin roba, ka sayi efoksi ko da kaɗan ne, domin ramuka 41 masu girman gujiya ba za su ci da yawa ba. Efoksi yana kama tsohon poliyesta fiye da yadda sabon poliyesta ke kama shi, kuma ya fi shi tare ruwa. Sai dai ka riƙe cewa poliyesta da jelkot ba sa kama efoksi da kyau, saboda haka idan ka fara da efoksi, da shi za ka ƙarasa, sannan fenti ya biyo baya. Ka goge ramin da asiton, ka fara shafa masa tsurar efoksi da ƙaramin buroshi ya shiga zaren, sannan ka cike shi da wanda aka kaurara da garin silika har ya yi kamar tunkuza mai laushi.

Kwarin giranda da wurin da ya yi ƙarar kwali kuwa ba cikewa suke so ba, zare aka rasa, kuma zare za a mayar. Ka cire duk abin da ya rabu, ka gangarar da bakin wurin a hankali, yadda kowace milimita ɗaya ta zurfi za ta sami milimita 12 na gangare, wato idan zurfin ya kai milimita 3, gangaren ya kai 36 ko fiye ta kowane gefe. Ka yanka saƙaƙƙen zare gida-gida, kowanne ya ɗan fi na bayansa girma, ka jera su kana jiƙawa kana matse iska har zaren ya ɓace a ido ya koma launin zuma. Ka ce wa mai shagon saƙaƙƙe kake so, domin tsinkakken zaren da aka fi sayarwa an manne shi da wani danƙo da poliyesta ne ke narkar da shi, efoksi ba ya iyawa sosai, sai ya ƙi kwanciya.

Zafinmu na nan shi ne abokin gabar wannan aikin. Efoksi ruwa biyu ne da ake haɗawa bisa awon da aka rubuta a gwangwani, kuma ba a rage na biyun wai don a jinkirta daskarewa, idan aka rage sai ya ƙi daskarewa har abada. Ka haɗa kaɗan-kaɗan, kamar rabin kofin shayi, ka juye shi a faranti mai faɗi, domin idan ya taru a kofi mai zurfi yana yin zafi da kansa har ya yi hayaƙi ya narkar da kofin. Ka yi aikin da yamma lokacin da jikin jirgin ya fara hucewa, ka yayyafa ruwa a ƙasan rumfar, ka kare ɓangaren gabas da tamfol saboda ƙurar hunturu. Ka yi ƙoƙari ka gama kafin ƙarshen Fabrairu, domin idan Afrilu ya riske ka da zafin da ke haura digiri 40, roban zai riƙa daskarewa a buroshi.

Idan ya daskare za ka iya jin wani maiƙo-maiƙo a samansa, ka wanke shi da ruwa da soso kafin ka goge, asiton ba ya cire shi da kyau. Bayan ka daidaita, ka shafe wajen gindin duka da efoksi hawa huɗu ko biyar, ka ƙarza shi da lamba 120 zuwa 180, ka bi da fenti, domin rana tana cin efoksin da aka bari tsirara. Kada ka sake sayen fenti mai guba irin jan nan, jirgin da ke ruwan daɗi ba ya buƙatarsa idan ana wanke masa gansakuka da soso, balle a tafkin da ake cin kifinsa. Ka gaya wa ƙannenka su riƙa jawo shi tudu suna kifa shi duk lokacin da zai yi kwanaki ba aiki, kuma su sa masa gungumen icce ko taya a ƙasa maimakon jan sa a kan tsakuwa. Idan kayan sun iso daga Kano ka sanar da ni ranar da za ka fara haɗin farko, Tibiri ba nisa, zan zo da ma'aunina.